Tarihi da Rufin Asiri

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, mun ga ya kamata mu kawo ta gabanku a wannan wata, gama ba mu kaɗai ta shafa ba.

Wata ekklesiya ta ƙauye da muka sani ta yi niyyar buga ɗan littafin tarihinta domin bikin tunawa da kafuwarta. Aka naɗa mutum biyar su tattara labari, aka roƙe mu mu zauna tare da su. Magatakarda ya jawo wata tsohuwar adaka daga ɗakin ajiya na bayan majami'a. Da aka buɗe, sai ga littafin baftisma, da littafin aure, da littattafan majalisar dattawa guda biyu. Na fari gara ta cinye shi daga tsakiya, saura bango da gefen takardu. Na biyu ruwan yoyo ya taɓa shi, tawada ta bazu, amma yana karantuwa in an fitar da shi hasken rana. A cikinsa ne muka tarar da abin da ya tsai da aikin har wata biyu.

Ga abin da ke ciki. A shekarar da jama'a suka tara kuɗi domin a sauke jinkar majami'a a buga kwano, kuɗin ya salwanta a hannun wani babban dattijo. Faston lokacin surukinsa ne, sai ya goyi bayansa. Waɗanda suka yi tambaya aka sa su ƙarƙashin horo, aka hana su Jibin Ubangiji. Gidaje da dama suka fice, suka riƙa yin sujada a gindin wata tsamiya har damina uku. Daga baya dattijon ya miƙe gaban jama'a ran Lahadi, ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya sayar da shanunsa na noma ya biya, aka shirya. Duk wannan yana rubuce, rana bi rana. A cikin littafin kuma akwai sunayen 'yan mata da aka yi wa horo saboda cikin da ba na aure ba, kowace da sunan ubanta.

Dattijon da ke shugabancin kwamitin ya rufe littafin, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ce, "'Ya'yana, wannan ba za ta shiga ba. Mutumin nan ya tuba, ekklesiya ta karɓe shi, ya mutu cikin bangaskiya. Jikokinsa suna cikin mawaƙa yau. Mu ne za mu tone abin da Allah ya binne?" Sai wani malamin makaranta, saurayi mai kaifin kai, ya ce, "Baba, a gafarce ni. In mun cire wannan, me za mu ce ya faru a shekara ukun nan? Mu ce lafiya lau? Ashe za mu buga ƙarya ke nan da kuɗin baiko." Shi so yake a buga duk abin da ke cikin adakar, kada a bar ko layi ɗaya.

Muka koma gida ba mu san bayan wa za mu bi ba, gama kowannensu da gaskiya a hannunsa.

Bari mu fara duba abin da takarda take yi wanda baki ba ya yi. Kakanninmu ba su rasa hanyar riƙe labari ba. Makaɗan fada suna jera sunayen sarakuna, tsofaffin mata suna riƙe da asalin dangi, sun san wa ya auri wa, daga wane gari aka taso. Amma labarin baka kamar ƙwaryar ruwa ce da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa sai ta ɗan zube. Ban da haka, baki yana da tausayi. In mutum ya mutu, a hankali ake rage masa laifi, ana ƙara masa kirki, har jikoki su tashi ba su ji kome ba sai alherinsa. Takarda ba ta da wannan tausayi. Abin da magatakarda ya rubuta ran Talata cikin fushi, haka zai tsaya da fushinsa bayan shekara ɗari.

Wannan rashin mantuwa na takarda shi ne albarkarta. Ku tuna da Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta yana ƙarami, aka kai shi Barno. Wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi, bayan mutuwarsa kuma ya bi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. Ya je Tambutu tare da shi, ya ƙetare Sahara, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna gidan wani mai wa'azi, J. F. Schon, wanda ke fama da koyon Hausa domin fassara Bishara. Dorugu yana faɗi, Schon yana rubutawa: yadda aka raba shi da iyayensa, da garuruwan da ya ratsa, har da yadda Turawa suke cin abinci, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai. Aka buga wannan cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. To, yara nawa aka kama a shekarun nan? Kowannensu yana da uwa, yana da sunan gari, yana da ranar da ya yi kukan rabuwa. Sun tafi da labarinsu kabari. Dorugu bai fi su wahala ba, bai fi su daraja ba, sai dai shi an sami mai alƙalami kusa da shi. Yau ɗan makaranta zai iya buɗe littafi ya ji Hausar yaron da ya yi magana tun shekara ɗari da saba'in da suka wuce.

Haka kuma Baba ta Karo, tsohuwa Bahaushiya wadda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta labarinta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan.

Akwai misalin da ya fi waɗannan taɓa mu masu bi. A ƙasar Nubiya, watau arewacin Sudan ta yau, ekklesiya ta kafu tun ƙarni na 6, ta daɗe ɗaruruwan shekaru, da sarakunanta da majami'unta da littattafanta, sa'an nan ta shuɗe, rairayi ya rufe gine-ginenta. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya malale wurin, masu tonon kayan tarihi daga ƙasar Folan suka haƙa wani tudu a Faras, bakin kogin Nilu. Suka tarar da babbar majami'a a binne. A jikin wani bango nata wani ya rubuta jerin sunayen bishop-bishop na garin, fiye da ashirin, ɗaya bayan ɗaya. Babu maroƙin da ke kiran sunayen nan, babu jikan da ke tunawa da su. Bango ne ya riƙe su. Yanzu Faras tana ƙarƙashin ruwa, amma sunayen sun tsira, gama an kwafe su an buga.

Nan ne aikin ɗab'i ya shigo. Rubutun hannu guda ɗaya ne, kuma abu guda ba shi da wuyar hallakarwa. Sarki Yehoyakim yana zaune yana jin wuta cikin hunturu, ana karanta masa littafin Irmiya, yana yankewa da wuƙa yana jefawa cikin kasko har ya ƙare (Irmiya 36). Sai da Baruk ya sāke zama ya rubuta daga farko. A zamanin Yosiya kuma littafin Shari'a ya ɓace a cikin Haikali kansa, har sai da magina suka shiga gyara aka same shi (2 Sarakuna 22). Amma tun da Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a Mainz ta Jamus wajen 1455, al'amari ya sāke. Littafin da aka buga ɗari biyar, in gara ta ci na gidanka, na gidan maƙwabcinka yana nan. In gobara ta cinye na Zariya, akwai wani a Zinder. Ba sarkin da yake da kasko mai girman da zai ƙone su duka.

(Bari mu ɗan ratse. Magatakardan ekklesiya, ku je yau ku duba adakarku. Ku ɗauke ta daga ƙasa, ku shanya littattafan, ku sa a kwafi abin da ke ciki a ajiye a wuri na biyu. Kada ku ce ai an ɗauki hotonsu a waya. Waya takan faɗa rijiya, takan shiga hannun ɓarawo a tasha.)

To, da yake ɗab'i yana da ƙarfi haka, tsoron dattijon nan ba na banza ba ne. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In ta baka ba ta komawa, ina ga wadda aka buga ɗari biyar aka raba ran biki, aka kai wa baƙi daga gundumomi? Jikar mutumin nan za ta karanta, saurayin da ke nemanta zai karanta, iyayensa za su karanta. Rufin asiri kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Addu'ar da muke yi wa juna ke nan kullum, Allah ya rufa asiri. Mutumin kirki a ganinmu shi ne wanda ya ga tsiraicin ɗan'uwansa ya kau da kai. Dattijon ya tuna mana abin da manzo Bitrus ya koyar a kan ƙauna da rufe laifi (1 Bitrus 4:8). Ya kuma tuna mana 'ya'yan Nuhu, yadda Shem da Yafet suka ɗauki mayafi suka yi tafiya da baya suka rufe ubansu, aka sa musu albarka, Ham kuwa da ya fita ya baza labari bai ji daɗin ƙarshen abin ba (Farawa 9).

Mun yi kwanaki muna juya wannan labari na Nuhu, sai wani abu ya faɗo mana a rai. Ta yaya muka san Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara? Ai a rubuce muka gani. Littafin da ya yabi masu rufewa, shi ne kuma ya ajiye labarin har yau, aka fassara shi cikin harsuna ɗaruruwa, har da namu. Ashe akwai bambanci tsakanin abin da Ham ya yi da abin da marubucin Farawa ya yi, ko da yake dukansu biyu sun faɗi abu ɗaya. Ham ya faɗa domin a yi dariya, uban kuwa yana kwance ba mai rufe shi. Marubucin ya faɗa domin mu sani mutumin da ya tsira daga rigyawa shi ma ɗan Adam ne, jirgi bai wanke zuciyarsa ba. Ya kuma faɗi labarin mayafin tare da labarin tsiraicin.

Mu Hausawa mun san kirari, mun kuma san tarihi, ba ma haɗa su. Mai kirari aikinsa ya faɗi alherin ubangidansa, ba wanda yake zarginsa da ƙarya, gama kowa ya san kirari ne. Amma ku dubi Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jera sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908. Marubucinsa ya yabi sarakuna ƙwarai, duk da haka da ya zo kan Sarki Kumbari bai ɓoye ba cewa harajin da ya ɗora a kasuwar Kurmi ya kusa kashe kasuwar, Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Saboda irin wannan ne masana suke ɗaukar littafin da daraja. Da yabo ne kawai daga farko har ƙarshe, wa zai gaskata yabon? Littattafan biki da yawa da ekklesiyoyinmu suke bugawa, in za mu faɗi gaskiya, kirari ne aka sa wa rigar tarihi. Fasto wane ya zo, aiki ya ci gaba. Fasto wane ya zo, aiki ya ƙara ci gaba. Mai karatu zai ce mala'iku ne suka yi ta kiwon garken nan. Saurayin da ya karanta haka, sa'an nan ya ga rigima a majalisar yau, sai ya ce lallai bangaskiya ta lalace a zamaninsa, ya karai. Ba wanda ya gaya masa kakanninsa sun yi rigimar da ta fi wannan, Ubangiji ya fisshe su.

Wannan gwaji ba sabo ba ne. Yusibiyas, bishop na Kaisariya, wanda ya rubuta tarihin ekklesiya na farko mai girma a ƙarni na 4, muna cin moriyarsa ƙwarai, gama ya kwafo maganar marubuta da yawa waɗanda littattafansu suka ɓace. Amma da ya iso babban tsanani da ya fara a shekara ta 303, ya faɗa a fili cewa ba zai ba da labarin husumar shugabanni da ta waɗanda suka fāɗi ba, sai abin da yake ganin zai amfani mai karatu. Mun gode masa da ya faɗa mana ya tsallake, wannan ma gaskiya ce da ba kowa yake yinta ba. Amma mun yi hasara. Ekklesiyar da ke cikin tsanani a yau, kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa suke ciki, tana bukatar labarin waɗanda suka tsaya, tana kuma bukatar labarin waɗanda suka tsorata, da yadda aka yi aka maido su.

Ke nan sai mu bi malamin makaranta, mu juye adaka duka a maɗaba'a? Nan ma ba mu yarda ba. Da muka koma ga Littafi Mai Tsarki muna neman ma'auni, mun ga wani abu da ba mu taɓa lura da shi sosai ba, ko a makarantar Littafi. Ku lura da waɗanda aka kira sunansu cikin laifi. Haruna da ɗan maraƙin zinariya. Musa da dūtsen da ya buga. Dawuda da matar Uriya, abin da ko Matiyu bai bari a manta ba sa'ad da yake jera asalin Ubangijinmu. Bitrus da musunsa sau uku, wanda dukan Bishara huɗu suka rubuta, har da ta Markus, wadda masu bi na farko suka ce daga wa'azin Bitrus kansa aka samo ta. Bulus da Barnaba da gardamar da ta raba su (Ayyukan Manzanni 15). Bulus ya kira sunan Bitrus cikin wasiƙa, ya ce ya tsauta masa gaban jama'a a Antakiya (Galatiyawa 2). Waɗannan duka manya ne, masu riƙe da amanar jama'a.

Sai ku lura da waɗanda aka sakaya. Matar da aka kama cikin zina aka kawo gaban Yesu, ba a faɗi sunanta ba. Matar nan ta bakin rijiya a Samariya, ba suna. Mai zunubin da ta jiƙa ƙafafunsa da hawaye, Luka bai faɗi sunanta ba, amma mun san sunan maigidan da ya raina ta, Siman Bafarisiye (Luka 7). Mutumin Korinti da ya yi abin kunyar da ko arna ba sa yi, Bulus ya umarta a yi masa horo, amma bai rubuta sunansa ba (1 Korintiyawa 5). Mutanen Korinti sun san shi, wannan ya isa. Mu da muka zo daga baya ba mu da bukatar saninsa.

Kada wani ya ce mun mai da wannan doka. Akan da Gehazi da Hananiya da Safiratu ba sarakuna ba ne, an kuwa kira sunansu. Amma ku duba, laifinsu ya taɓa amanar jama'a duka ko aikin Allah a fili, kuma kusan dukansu a kan dukiya ne. Haka kuma marubucin Tarihi ya ba da labarin yaƙin Rabba bai ambaci Bat-sheba ba (1 Tarihi 20), alhali marubucin Sama'ila ya faɗi kome. Ba kowane littafi ne zai ɗauki kowane kaya ba. Sai dai masu bin Allah na dā ba su ƙone Sama'ila domin Tarihi ya fi daɗin ji ba, sun ajiye su biyu gab da juna.

Abin da muka gani ke nan: laifin mai iko, wanda ya auku a fili, ya ji wa jama'a ciwo, ya sāke tafiyarta, wannan na jama'a ne, ba shi da asirin da za a rufa, gama tarihin jama'ar ba zai fahimtu ba in babu shi. Faɗuwar marar ƙarfi kuwa, wadda ba ta cuci kowa kamar yadda ta cuce shi ba, aka yi horo aka gama, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin baƙin ciki, mu juya abin muke yi. Littafin majalisar nan ya rubuta sunan kowace yarinya da sunan ubanta, amma mun duba mun sāke dubawa, wurare da yawa ba a rubuta sunan namijin ba. Da ya zo kan kuɗin kwano kuwa, shafi uku na farko "wani ɗan'uwa" ake ta cewa, sai da abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Rufin asirinmu babbar riga ce, manya kaɗai take rufewa.

Akwai kuma wata ƙarya ta tarihi wadda ba ta tā da gardama a kwamiti ba, domin ba wanda ya lura da ita, mu kuwa muna ganin ta fi waccan yawa. Ita ce mantawa da ƙananan ma'aikata. Duk wanda ya yi ajin baftisma a wasu ekklesiyoyinmu ya ji sunan Gowans da Kent da Bingham, da suka sauka Ikko a 1893, ya ji biyu na farko sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. An san Karl Kumm da zuwansa Wase a 1904. An san Likita Mila na Zariya, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ya kamata a san su, sun ba da ransu da ƙuruciyarsu. Amma mutum nawa cikinmu za su iya kawo sunan tafinta ɗaya, ko mai ɗaukar kaya ɗaya, ko ɗaya daga cikin malaman ƙasa da suka zauna da masu fassara suna ce musu, "A'a, ba haka Bahaushe yake faɗi ba"? Ba mu zargin Turawan Mishan. Suna rubuta wa masu taimakonsu a Kanada da Ingila ne, sun faɗi abin da waɗancan za su gane. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu ne ba mu rera tamu ba. Yanzu alƙalami yana hannunmu, sai ga shi muna maimaita abu ɗaya: hoton fastoci a jere, da masu ba da kuɗi mai yawa, shi ke nan. Mai bisharar da ya yi shekaru yana taka sayyada zuwa ƙauyuka ba albashi, sai damin dawa in an yi girbi, ba ya ciki.

Nehemiya bai yi haka ba. Sura ta 3 ta littafinsa, wadda yawancinmu muke tsallakewa domin sunaye sun yi yawa, jerin waɗanda suka gina garun Urushalima ne, maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa, har da wani hakimi da ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. A tsakiyar jerin ya rubuta cewa talakawan Tekowa sun yi aiki, manyansu kuwa sun ƙi. Bulus ma ya rufe wasiƙarsa mafi nauyi da gaisuwa ga mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, mata da yawa a ciki (Romawa 16).

Da kwamitin ya sāke zama, muka shimfiɗa musu waɗannan abubuwa kamar yadda muka shimfiɗa muku. Malamin makaranta ya yarda a bar sunayen 'yan matan cikin adaka, ba tare da wata doguwar gardama ba, gama ya gane ɗaya daga cikinsu kakar abokinsa ce. Dattijon ya fi wuya. A ƙarshe ya ce, "To, ba za a buga ba sai an je an gaya wa gidan." Wannan bai zo mana a rai ba, shi kuwa ya fi mu gaskiya. Muka tafi mu uku wurin babban ɗan marigayin, shi ma ya tsufa. Muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya yi shiru har muka zaci korarmu zai yi. Sa'an nan ya ce, "Fasto, ina da shekara goma sha biyu ran da aka kora shanun nan kasuwa, ni na riƙe igiya. Daminar nan da fartanya muka yi noma. In za ku rubuta ya ci, ku rubuta ya sayar da shanu. In ba za ku rubuta na biyun ba, kada ku taɓa na farin." Haka aka yi. Aka rubuta laifin faston lokacin kuma, da horon da aka yi wa marasa laifi, aka rubuta sunayen gidajen da suka yi sujada a gindin tsamiya. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Akwai gida ɗaya daga dangin faston da har yanzu gaisuwarsu gare mu ba ta wuce "sannu" ba, muna kuwa ɗauke da wannan.

Saura littafin farko da gara ta ci. Domin cike gurbinsa aka aiki malamin makaranta wurin wata tsohuwa, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ginin majami'ar farko. Ya tafi da nufin tambayarta sunan Baturen da ya zo buɗewa. Ta ce ta manta, ita dai ta san yana da jan gemu. Amma ta ce ya rubuta matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa daga rafi, tulu a ka, tun asuba, har aka gama tubali. Ta ce su goma sha biyu ne. Ta lissafa goma sha ɗaya, ta tsaya, ta yi ta ƙirga yatsu, ta goma sha biyun ta ƙi zuwa. Malam ya yi sallama ya komo. Da dare, an riga an rufe ƙofa, sai ga jikanta a kan keke, da wata 'yar takarda da aka yago daga buhun siminti, an rubuta sunan da fensir. Ya ce kaka ta ce ba za ta iya barci ba sai an kai, kuma a sa shi na uku a jerin, gama ita ce take bin bayanta a hanyar rafi.